Malam Abdulmutallib da Injin Sassaƙar Ƙarfe

Duk wanda ya san Malam Abdulmutallib na Ƙarfi a da zai gaya maka babu mutum mai sauƙin sha'ani irinsa. Matarsa Maijidda ba ta musa wannan ba. Sai dai idan aka faɗa a gabanta takan ce wancan Malam ɗin daban ne, wanda take zaune da shi yanzu ba ta san inda aka samo mata shi ba.

A Ƙarfi aka haife shi, gidan manoma. Da ya ɗan taɓa karatun boko, wani kawunsa ya sama masa aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, zamanin da auduga ke tashe, motoci na layi tun daga ƙofar kamfanin har bakin titi. Sito aka damƙa masa. Aikinsa ya zauna a bayan wata taga mai raga, makanikan kamfanin su zo su ce a ba su noti ko bel ko boris, ya ɗauko ya miƙa musu. A bayan tagar nan ƙuruciyarsa ta ƙare. A Funtuwa ya auri Maijidda, a can suka haifi 'ya'yansu a gidan haya. Da auduga ta ja baya kamfanin ya rufe, ya tattara iyalinsa ya dawo gida ya kama gonar gado, yana noma masara da dawa da waken suya. Duk tsawon wannan zama Maijidda ba ta taɓa ganin ya riƙe sifana ba. Ko fitila ce ta lalace sai ya kai wa mai gyara.

Ita kuwa Maijidda ba mai zaman jira ba ce. Tana da injin markaɗe a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, tun da hantsi ake kawo mata kayan miya da wake da jiƙaƙƙen gero. Tana da awaki. Tana kuma da wata 'yar fadama da ta gada wajen mahaifinta, inda wani magidanci mai suna Mati ke noma mata tumatir da rani, su raba amfani. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse, gida ya yi shiru, kowane abu yana inda ta ajiye shi. Haka take son zamanta.

Wata rana gab da faɗuwar damina Malam ya hau babur ɗinsa ya tafi Funtuwa sayen taki. Bayan la'asar sai ga wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida, Malam na zaune a bayanta, ya dafe wani abu da aka lulluɓe da buhuna kamar mai rakiyar maras lafiya. Babu babur, babu taki.

Da aka yaye buhunan Maijidda ta leƙo ta ga wani dogon ƙarfe mai ƙafafu, tsawonsa ya kusa na gadon kwana, kansa ƙato kamar na bijimi, tsatsa ta mai da shi ja tun daga sama har ƙasa. Zanzaro ya yi ɗakuna a cikinsa. Ta tambayi Malam mene ne wannan, ya ce injin sassaƙar ƙarfe ne. Ya yi mata bayani: injin yakan damƙe sandar ƙarfe ya riƙa juya ta da sauri, sai a matso da wani ɗan haƙori mai kaifi yana fere ta, kamar yadda masassaƙi ke fere itacen taɓarya, har ta fito daidai yadda ake so. Ya ce wannan ya girmi 'yancin kai, kuma shi ne ainihin wanda ke ɗakin makanikan kamfaninsu. Wucewa ya zo yi ta wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa ya tarar sun ɗauko guduma za su farfasa shi, ya tsaya ya ba su babur ɗinsa suka ba shi injin.

Ta tambaye shi ko yana aiki. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya iya gyara shi. Ya ce zai koya. Ta tambaye shi da me zai riƙa zuwa gona, ya ce ai Allah ya ba shi ƙafa. Daga nan ta juya ta koma ciki, saboda ƙartin da ya kira su sauke injin duk sun zuba musu ido.

Injin ya ƙi shiga ta zaure. Aka juya shi ta kai, aka juya shi ta gindi, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Maijidda na kicin ta ji ana dukan katanga, kafin ta fito an huda bangon da ke bayan garken awakinta, an jera gungumen itace ana gangaro da injin a kai. A rumfar awakin ya sauka. Malam ya ce na kwana biyu ne kafin ya gina masa ɗaki, aka ɗaure awakin a gindin darbejiya. Ruwan farko a kansu ya sauka, na ƙarshe ma haka. Kafar da aka yi wa katanga aka toshe ta da zana, kajin unguwa suka samu hanya. Simintin da ta daɗe tana ajiya don gyaran makewayi kuwa, da shi aka yi wa injin daɓe, wai idan ƙasa ba ta miƙe ba gadon injin, wato dogon ƙarfen da sauran sassa ke zaune a kai, zai karkace.

Daminar nan gona ta ga Malam da safe kawai. Da ya dawo ya yi wanka sai rumfa. Ya kwance injin gunduwa-gunduwa, kowane noti da kowace 'yar sanda sai ya jiƙa su a kananzir, kuma ba a ko'ina ba sai a kwanonin Maijidda. Ta nemi fantekar kwaɓin fulawa ta same ta cike da baƙin mai. Ta nemi kwanon shan Malam ɗin kansa ta tarar da ƙananan sukurori kwance a ciki. Duk wankin da za ta yi musu da toka da omo, tuwo sai ya yi warin kananzir, shi kuwa ya cinye ya ce bai ji komai ba. Tsofaffin zannuwanta suka zama tsumman goge ƙarfe, da suka ƙare ya ɗauki wani wanda a ganinsa ya tsufa, alhali a bikin autarsu aka yi ankonsa.

Wani ya gaya masa ruwan tsamiya na cin tsatsa. Abin haushin, gaskiya ne. Maijidda ta tanadi tsamiya rabin buhu saboda kunun azumi, ta rataye a ɗakin ajiya. Ranar da aka ɗauki azumin farko ta shiga ɗauka ta tarar da buhun a sheƙe. Ta zagaya rumfa ta ga tsamiyarta jiƙe a robar wanki, ƙarafa na kwance a ciki sun yi fes. Malam ya ɗago ɗaya ya nuna mata yana murmushi, ya ce ta dubi ikon Allah. Ta ce ta gani, da magariba sai ya sha ikon Allahn a madadin kunu.

Bayan tsatsa ta fita ya shiga abin da ya kira daidaita gado. Yakan dama bular wankinta da mai ya shafa a kan wani lafiyayyen ƙarfe, ya goga a gadon injin, duk inda shuɗi ya kama ya ce nan ne tudu, ya sa wani ɗan ƙarfe mai kaifi ya kankare. Ya sake shafawa, ya sake kankarewa. Abin da yake cirewa ko ƙwayar gero bai kai ba. Ƙarar kankarar nan, ƙiii, ƙiii, tana shiga haƙoran Maijidda tun daga azahar har rana ta yi sanyi. Fararen kayansa suka rasa bula, hannuwansa suka yi shuɗi, ya je ɗaurin aure a haka mutane na tambayarsa ko rini ya koma.

Da abin ya ishe ta ta kira 'yarsu Bushra, wadda ke aikin jinya a Malumfashi, ta ce ta zo ta yi wa ubanta magana, tunda yana jin tata. Bushra ta zo ranar hutunta, ta shiga rumfa, Maijidda na jiran ta ji an fara nasiha. Shiru. Can ta leƙa ta same su kai a haɗe a kan waya. Ashe Bushra ta nuna masa bidiyon wasu tsofaffi a ƙasashen waje waɗanda ba su da aiki sai ɗauko irin waɗannan injuna daga juji suna gyarawa, ba don sana'a ba, don sha'awa kawai. Malam ya fito fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka, ya ce wa Maijidda ashe ba shi kaɗai ba ne, suna da yawa a duniya. Maijidda ta ce to Allah ya ba matansu haƙuri. Bushra ta koma Malumfashi ta bar masa tsohuwar wayarta cike da bidiyo, uwar ko rakiya ba ta yi mata ba.

Akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora a cikin injin, irin wanda makanikai ke kira giya, haƙoransa sun kakkarye. Malam ya ce in babu shi aikin banza yake yi. Mutumin da zai iya samo masa shi ne Alhaji Adewale, Bayerabe haifaffen Funtuwa, wanda ya yi aikin sassaƙar ƙarfe a kamfaninsu, yanzu kuma yana da shagonsa. Kullum Malam na tsakar gida yana waya da ƙarfi, don ya ɗauka sai an ɗaga murya ake ji a Funtuwa.

Rannan yayarsa Gwaggo Mairo, wadda gidanta ke jikin nasu, ta shigo karɓar markaɗe ta ji shi yana cewa, “Alhaji, ka samo mini giyar nan kuwa? Ko tsohuwa ce ina so, na ma fi son tsohuwar. Ka ajiye mini, kada ka ba kowa, zan zo da kaina.”

Gwaggo Mairo ta ajiye robarta ta fita ba sallama. Washegari mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba da markaɗe ba. Kowacce ta zauna ta yi jugum, ta ce wa Maijidda sai haƙuri, jarrabawa ce, tsufa ba ya hana shaiɗan aikinsa. Wata ta kawo rubutu a kwalba ta ce a zuba masa a kunu. Wata ta ce daman ita tun da ta ga mutum ya ba da babur ya karɓo juji ta san ba a hayyacinsa yake ba. Sai da Maijidda ta matsa wa ɗaya sannan ta gane inda aka dosa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita ce ta koma mai kare injin. Ita da ko kallonsa ba ta son yi, ta wuni tana jan mata zuwa rumfa tana nuna musu faifan mai karyayyun haƙora, tana cewa wannan ita ce giyar, ta ƙarfe ce, ba a shan ta. Wasu suka yarda, wasu suka gyaɗa kai irin na an ji ana rufa wa miji asiri. Gwaggo Mairo ta ce ita da kunnenta ta ji, kuma ta san Maijidda mace ce mai sirri. Malam da labari ya kai masa ya yi dariya har da hawaye, ya koma kan kankararsa. Maijidda ta karɓi wayarsa ta kira Alhaji Adewale da kanta, ta ce kada ya jira a zo ɗauka, ya taimaka ya kawo abin nan Ƙarfi da hannunsa, da rana tsaka, kowa na gani.

Alhaji Adewale ya zo da farar hularsa da carbinsa, giyar na naɗe a jarida. Da ya ji abin da aka ce yana sayarwa ya ɓata rai sosai, ya ce shi da ke limancin masallacin layinsu. Maijidda ta sa shi gaba har gidan Gwaggo Mairo, ya buɗe jaridar a gabanta. Gwaggo ta juya faifan, ta shinshina, ta ce to ai sai a riƙa kiran abu da sunan kirki.

Kafin ya tafi ya duba aikin Malam, ya shafa gadon injin da tafin hannu ya ce ba laifi, mutumin da bai taɓa koyo ba ya yi ƙoƙari. Da Malam ya shiga ciki ɗauko masa tsarabar masara, Maijidda ta tambaye shi tsakani da Allah yaushe wannan abu zai ƙare. Alhaji ya ce, “Hajiya, wannan ciwon ba ya warkewa, sai dai a iya zama da shi.” Ya rage murya ya ƙara da cewa injin ma ba na kamfaninsu ba ne. Iri ɗaya ne dai, amma nasu tun kafin a rufe aka sayar da shi aka kai Kano, shi ya ɗora shi a mota. Ya ce bai ga amfanin gaya wa Malam ba. Maijidda ta adana maganar, ta ce a ranta akwai ranarta.

Ranar ta zo da rani. Injin ya haɗu, an shafe shi da koren fenti, saura abin da zai juya shi. Wutar lantarkin Ƙarfi ko ta zo ba ta iya tayar da tsohuwar motar lantarkin da ke jikin injin. Ɗakin markaɗe kuwa Maijidda ta sa masa kwaɗo tun da ta ga Malam na yawan leƙa shi. Sai ga Mati ya yi sallama da safe, ya ce ya je fadama bai ga injin ban ruwa ba, maƙwabcin gona ya ce Malam ne ya zo da baro ya ɗauka. Tumatir na tsakiyar fure, rana kuma ba sauƙi.

Malam ya ce aro ya yi, na safiya ɗaya, don ya juya injin sassaƙar da shi. Safiyar ta wuce, bel bai yi daidai ba. Washegari fuli, faifan da bel ke hawa, shi ne ya yi ƙanƙanta. Wanshekare ya ce injin na gudu fiye da kima, sai ya rage shi. Mati na ɗiban ruwa da bokiti har bayansa ya riƙe, ya zo ya ce fure ya fara zuba.

Maijidda ta shiga rumfa ta tsaya a kansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, na yi shiru a kan babur, na yi shiru a kan katanga da kwanoni da tsamiya. An mai da ni matar mashayi a garin nan, na shanye. Yanzu ka gaya mini, don Allah, me za ka yi da abin nan in ya tashi? Shago za ka buɗe?”

Ya ce a'a, shi ba sana'a yake nema ba.

“To mene ne?”

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, “Tagar siton nan tana kallon ɗakin makanikai. Tun ina saurayi har na yi furfura, kullum ina ganin injin nan yana juyawa, ƙarfe na fita daga bakinsa yana nannaɗewa kamar ɓawon lemo. Ni na san sunan kowane abu da ke jikinsa, ni nake miƙa musu. Sau ɗaya na shiga na ɗora hannu a kansa, babban makanike ya ce in koma tagata kada in jawo musu asara. Na koma. Ba wani abu nake so ba, Maijidda. So nake in tsaya inda suke tsayawa.”

Maganar Alhaji Adewale ta zo mata har bakin harshe. Kalma kaɗan ce, ta faɗa ta huta. Ta dubi hannuwansa da suka faffashe, ta dubi yadda ya jingina da injin, ta haɗiye. Haɗiyewar ta ƙara mata haushi, don ta san ba za ta ƙara samun ranar faɗa ba.

Ta ce, “Na ji. Amma tumatir bai san taga ba, ruwa ya sani.”

Ta kira Mati ya kwance injin ban ruwa a gaban Malam ya ɗora a baro. Aka yi sharaɗi: injin na fadama kullum, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mati ya kawo shi, kafin magariba ya mayar. Tumatirin shekarar nan rabinsa aka samu. Mati bai yi ƙorafi a gabanta ba, amma ta ji a gari yana cewa bana da injin sassaƙa aka raba.

Wata Juma'a injin ya tashi. Maijidda na tankaɗe ta ji wani gunji mai laushi wanda ba ta saba ji ba, ta ƙi fita. Malam ya zo ya tsaya a ƙofar kicin da wani ɗan guntun ƙarfe mai sheƙi a tafin hannunsa, ya miƙa mata. Ta karɓa ta juya, sumul yake kamar an lashe. Ta tambaye shi na mene ne, ya ce ba na komai ba ne. Ta mayar masa ta ce Allah ya sa albarka, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ba a daɗe ba sandar cikin injin markaɗenta ta karye. Ta ce a kai wa Alhaji Adewale, wanda zai yi ta a wuni guda. Malam ya ce ina, ga inji a gida. Ta yi tunanin ko yau dai za ta ci moriyar wahalarta, ta yarda. Juma'ar farko ya fere sanda, ya auna, ya ce ta sirance da kaurin gashi, ya jefar. Ta biyu ya ce ƙarfen ba mai kyau ba ne. Masu markaɗe suka koma bakin kasuwa, ita kanta sai aikawa take a markaɗo mata kayan miya a waje, tana da inji a ɗaki, mijinta na da wani a rumfa. Da ya gama wadda ta gamsar da shi aka ɗaura, ta zauna daram, injin ya ma fi da laushin tafiya. Maijidda ta ji daɗi, har ta dafa masa dambu.

Da safe tana tsakiyar markaɗa waken wata mai ƙosai sai ji ta yi inji ya mutu. Ta waiga ta ga Malam da sifana a hannu. Wai daga rumfa ya jiyo wata 'yar ƙara, yana jin sandar na ɗan rawa, bari ya cire ya ƙara fere ta. Ta ɗauki muciyar da take tura wake da ita ta tsaya tsakaninsa da injin. Ta ce idan ya taɓa noti ɗaya a ɗakin nan, yau za ta kira masu tsofaffin ƙarafa su zo da gudumarsu. Ya dube ta ya ga ba wasa, ya fita yana cewa ita ba ta jin ƙarar ne. Sandar nan har yau ita ke aiki, kuma har yau in ya wuce ƙofar ɗakin sai ya karkata kai ya yi tsaki.

A 'yan shekarun nan idonsa ya fara hazo. Ya daina ganin ƙananan zanen da ke jikin ɗan ƙarfen da yake awo da shi, sai ya kai shi dab da hanci ya juya ya juya ya ajiye. Bushra ta kai shi asibiti aka ce yanar ido ce, za a cire, amma sai ta nuna. Ya koma zama a rumfa yana shafa wa injin mai da lalube, ranar Juma'a ma ya ce wa Mati ya bar injin ban ruwa a fadama. Abinci ya rage ci.

Wata Juma'a ya kira Maijidda ya ce ta zo ta duba masa layin da awon ya tsaya a kai. Ta ce ita ba makanike ba ce, tana da aiki. Bai sake kira ba. Shirun ne ya dame ta. Ta ɗauki farantin shinkafar da take tsincewa ta tafi rumfa ta zauna a kan turmi, ta ce ya miƙo. Ya koya mata yadda ake karanta dogayen layuka da gajeru, ta ce wanda ya ƙirƙiro wannan abu bai da tausayi. Ta aika aka ce wa Mati ya kawo inji. Daga ranar, shi ke juya hannun injin da jin yatsunsa, ita ke karanta awo, tana tsintar shinkafa tana mita. In ya ce a ƙara ferewa ta ce ya isa, in ya musa ta ce to ya karanta da kansa.

Bayan an yi masa aikin ido ya warke, ta ɗauka ta sauke wannan kaya. Juma'a na zuwa ya kira ta, wai har yanzu ƙananan layukan na yi masa rawa. Ta zo. Haka aka yi ta yi, har ranar da tana zaune nesa da shi da farantinta ya ɗago kai ya ce akwai tsakuwa a gefen hagu, kusa da babban yatsanta. Ta duba. Tsakuwar ko kan allura ba ta fi ba.

Ta ajiye farantin a hankali ta ce, “Malam, idon da ya hango wannan daga can shi ne ba ya ganin layi a tafin hannunsa?”

Ya sunkuyar da kai yana ta goge wani wuri da ba shi da datti. Can ya ce ai ta fi shi iya karantawa ne.

Maijidda ta tashi ta koma kicin, ta ce daga yau kada ya ƙara kiran ta. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya, tana jin injin na gunji shi kaɗai. Sai ta tuna a kan gajeren layi suka tsaya, shi kuwa kullum sai ya zarce. Ta leƙo ta taga ta ce masa kada ya kuskura ya ƙara ferewa, ya jira ta sauke miya.